Ganuwa, Kufai da Soro: Abubuwan Mamaki Kan Tsofaffin Gidajen Ƙasar Zurmi

Wanda ya zo Zurmi, ko Ƙauran Namoda, ko Shinkafi, yana neman gidan da ya shekara ɗari uku a tsaye yadda mai shi ya bar shi, zai sha yawo. Ba tarihi ƙasar ta rasa ba, don ta girmi garuruwa da yawa da ake kai baƙi kallo. Ginin ƙasa ne ba ya zama shi kaɗai. Muddin da mai yaɓe kafin damina, yana nan daram. Ranar da aka ja ƙyaure aka tashi kuwa, ruwan sama ya fara karɓar kayansa ke nan. Saboda haka tsofaffin gidajenmu sai wanda ya iya nema: wani yana cikin littafin baƙo, wani a ƙarƙashin gonar gero, wani a bakin maroƙi. Ga kaɗan daga ciki.

Ganuwar da ta kai ƙafa 30

A 1824, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wani Bature mai suna Hugh Clapperton, wanda ke tafiya da sunan Abdullahi, ya ratsa Zurmi a tsakanin Kano da Sakkwato. Ya rubuta cewa gulbi ya kusa zagaye garin, gaɓarsa doguwa ce cike da ƙaya, sai wata siririyar hanya mai lanƙwasa da ke kai mutum ƙofa. A bayan gari akwai rami, sannan ganuwar laka mai tsawon ƙafa 20 zuwa 30. Mai son ya gane girman aikin, ya tuna cewa babu tifa, babu katafila. Da kwando da kan mutum aka tara wannan ƙasa.

Bai tsaya nan ba. Ya ce an shaida masa babu 'yan iska a ƙasar Hausa kamar mutanen Zurmi, kuma bayin da suka gudu daga ko'ina nan suke samun mafaka, a karɓe su hannu biyu. Zurmawa kada ku yi fushi. Ku dubi magana ta biyun, ita ce ta fassara ta farkon. Mutumin da bawansa ya tsere ya shige Zurmi, aka hana shi, me ake so ya ce da garin?

Bayan shekara 29, a 1853, Bajamushe Heinrich Barth, wato Abdulkarim, ya biyo hanyar. Ya tarar Sarkin Zurmi ba ya riƙe da dukan Zamfara kamar da, kowane gari mai ganuwa Sakkwato yake duba kai tsaye, Zurmi kuma kullum cikin shirin Gobirawa da Maraɗawa take. Daga nan ya bi ta Dutsi, ya ga kasuwar Badarawa maƙil da jama'a da auduga, ya wuce Isa ya faɗa dajin Gundumi. Yau in ana zancen kasuwa a wannan yanki, ta Alhamis ta Shinkafi ake nufi.

Gidan farko na Zamfarawa yana cikin ƙasar Zurmi

Dutsi ke nan. A tarihin baka nan sarautar Zamfara ta tsira, daga wani sarki Dakka, kuma akwai wasu dogayen tuddai da ake cewa kaburburan sarakunan farko ne. Tsawonsu ya sa ake cewa mutanen samudawa ne. A jerin sunayen akwai mace, 'Yargoje. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne, ɗaya daga littattafan da malaman jami'a suka fi dogara da su kan wannan jeri, wani Kurt Krieger ne ya wallafa shi a 1959, da Jamusanci. Bazamfaren da ke son karanta shi a asalinsa, sai ya fara koyon harshen mutanen Balin.

Baƙon da aka ba gona

Daga Dutsi sarauta ta koma Birnin Zamfara, kusa da Isa ta yau, birnin da masu ba da labari ke cewa ƙofarsa 50. A ƙarni na 18 Gobirawa suka gangaro daga arewa, aka ba su wurin zama a gonakin alƙalin Zamfara. Gonakin nan su suka zama Alƙalawa. Wajen 1762 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Sarkin Zamfara ya gudu Kiyawa, sarautar ta yi ta ƙaura har ta zauna a Anka cikin ƙarni na 19. Ita ma Alƙalawa ba ta yi shekara 50 da wannan nasara ba: a 1808 masu jihadi suka ci ta, aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Duka biranen biyu yau noma ake yi a cikinsu.

Gida ya faɗi, sarauta ta tashi da kayanta

Wannan shi ne abin da baƙo ke kasa ganewa. Sarkin Ƙauran Namoda, Sarkin Kiyawa ake ce masa, alhali Kiyawa kufai ce, birnin da Sarkin Gobir Yakuba ya rasa ransa wajen yaƙarsa. Sarkin Zamfara biyu ne, ɗaya a Anka, zuriyar tsofaffin Zamfarawa, ɗaya a Zurmi, gidan Fulani Alibawa, dangin Muhammadu Namoda da Ƙaura ta ci sunansa. Sarkin Moriki, Sarkin Burmi ne. Sarkin Gobir akwai a Isa, akwai a Sabon Birni, akwai a Tsibiri ta Nijar. Sarkin Katsina akwai a Katsina, a Maraɗi, a Gusau. Sarkin Kabi akwai a Argungu, akwai a Yabo. In kana son taswirar biranen da suka rushe, kada ka nemi bango, ka tsaya ƙofar fada ranar salla ka saurari kirari.

Sarakunan Musulmi biyu suna kwance a nan

Yawancin mutane sun san Shehu Usmanu yana Sakkwato, a gidansa da ya zama Hubbare bayan rasuwarsa a 1817, Bello kuma yana Wurno tun 1837. Kaɗan ne suka san cewa Abubakar Atiku, ɗan Shehu, wanda ya gaji Bello, a Katuru ta ƙasar Shinkafi ya cika a 1842, yana dawowa daga yaƙin Tsibiri. Shi ya sa ake ce masa Mai Katuru. Umaru ɗan Aliyu Babba, wanda ya hau a 1881, shi kuma a Ƙauran Namoda ajali ya same shi a 1891. Ba a ɗauki ko ɗayansu zuwa gida ba. Inda rai ya fita nan aka yi sutura.

Giginya ce ke yanke faɗin ɗaki

Duk wanda ya shiga tsohon soro ya ga ɗakin dogo ne amma siriri, kada ya zargi mai gidan da rowa. Azara ce ta yi hukunci. Daga giginya ake tsaga ta, an fi son namijin don ya fi tauri, gara ba ta cinsa da sauƙi. Amma in aka ɗora mata ƙasar rufi mai nauyi, faɗin da za ta iya ɗauka ba tare da ta lanƙwashe ba bai wuce ƙafa 6 da wani abu ba. Nan gwanintar magina ta fito. Ko su tsayar da ginshiƙi a tsakiya, ko su yi ta turo azara daga bango hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure da igiya, a lulluɓe da laka, har hannu biyun su haɗu a sama su zama baka. Baka ya ratsa baka, sai a samu ɗaurin guga, a ɗora tulluwa a kai. Mai kallo daga ƙasa laka kawai yake gani. Ƙashin ginin itace ne.

Tubalin kansa ba mai kusurwa huɗu ba ne irin na bulo. Da hannu ake mulmula shi, gindi da faɗi, kai da tsini, a shanya a rana. Magini na zaune bisa bango kamar mai hawan jaki, yaro na ƙasa yana cilla masa tubali ɗaya-ɗaya, yana cafewa yana dasawa, tsinin na duban sama, yana bin su da curin laka. Babu tsani, babu ma'auni, ido ne da hannu. Bangon kuwa ƙasansa kauri, samansa siriri, shi ya sa tsakar rana cikin bazara soro ke da sanyi, da asubar hunturu kuma ɗumi.

A da ba kowa ke da soro ba. Talaka ɗakinsa kago ne da jinka, dangarsa kara ko zana. Abin da yake zuba wa fasaha shi ne rumbu da rufewa, don can ransa yake.

Simintin da marina ke haifarwa

Kafin siminti akwai laso. Katsin da ya kwanta a gindin karofi ake kwasowa a ƙona, a haɗa da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara mai yauƙi, a shafe rufi da bango. Ruwa ya zo ya zame. Mai ƙaramin ƙarfi makuba yake yi, daga ɓawon ɗorawa. Ka ga ke nan soro ɗaya yana rataye da marini, da majemi, da mai tsagar giginya. Da marinar gari ta mutu, katsi ya ɓace, laso ya bi shi. Mutane na cewa magina sun ƙare. Ni a ganina kayan aikinsu ne suka riga su tafiya.

Daɓe kuwa na mata ne. A baza tsakuwa ko birji, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe da madaɓai suna bugu tare suna waƙa, a bi da ruwan makuba ko na bagaruwa har ƙasa ta yi duhu tana sheƙi. Ɗakin amarya ba ya cika sai an yi shi, kuma mai gida shi ke da tuwon masu aiki.

Gajeru huɗu

Zaure ba ɗaya ba ne a gidan babban mutum, kuma ƙofofinsu ba sa duban juna, don kada idon na waje ya zarce cikin gida. Yawan zaurukan da aka bari ka wuce shi ne matsayinka a gidan.

Zanko ba ado kaɗai ba ne. Nauyinsa na danne kusurwa, inda ruwa ya fi ci, mai gyaran rufi kuma na samun abin riƙewa.

Indararo ya toshe, soro ya tafi. Rufin ƙasa da yawa ba tsufa ya kashe su ba, sheƙar tsuntsu ce da ganye.

In ka ga kukoki sun yi cincirindo a daji inda babu kowa, duba ƙasa. Za ka ga katangar tukunya, ko dutsen niƙa, ko bakin tsohuwar rijiya. Kuka ta fi mai gida daɗewa.

Ɗakin kuɗi, a zahiri

Attajirin ƙarni na 19 yana bukatar ɗaki guda don kuɗinsa kawai, saboda kuɗin wuri ne. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, kayan ƙato guda. Lokacin da Barth ya zauna Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da riyal ɗaya na azurfa, wato keso cur riyal 8 ne kacal. Biyar-biyar ake ƙirgawa a kan tabarma, har akwai waɗanda ƙirgar ce sana'arsu. Ɓarawon da ya fasa irin wannan ɗaki, sai ya zo da jaki.

Gandu da rinji

Manyan gonakin sarakai da attajirai ba su tafi sun bar gine-gine ba, sun bar sunaye: Gidan wane, Tungar wane, Rinjin wane. Ba kowanne ba ne ya samo asali daga bauta, amma ba a yi wa tarihi kwalliya, da yawa daga manyan gandaye bayi ne suka noma su. A labarin rayuwar Baba ta Karo, da aka buga a 1954, an ga yadda abin yake a rinjin ƙasar Zazzau: aikin gandu daga hantsi zuwa azahar, saura lokaci bawa ya tafi gayaunarsa. Turawa suka yi doka cewa duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma bautar kanta ba a soke ta ƙarƙaf a Arewa ba sai 1936. Gandun da babu hannu kuwa ba ya nomuwa, sai aka yi ta yanka shi.

A gabashin Zurmi akwai gandu na wani iri, gandun dajin Zamfara, wajen Gidan Jaja, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, daga baya ya zama wurin kiwo. An bar ƙauyuka a tsakiyarsa, irin su Dumburum da Shamushalle. Yau sunan Dumburum ya fi fitowa a labaran tsaro. Tun da rikicin 'yan bindiga ya kankama, shekara goma sha da suka wuce, ƙauyuka da yawa a wannan yanki sun watse, kuma damina uku ko huɗu sun isa su mayar da gidan ƙasa tudu. Jikokinmu za su tarar da kufai iri biyu, na Babari da na zamaninmu.

Me ya sa gidajen Turawa ke tsayawa?

Ba dutse da katako kaɗai ba ne. A Ingila al'adar manyan gidaje ita ce babban ɗa ya gaje gida da filinsa dunƙule, sannan tun 1895 suna da ƙungiyar National Trust mai karɓar irin waɗannan wurare ta kula da su. A Amurka, gidan gonar George Washington, Mount Vernon, ya fara lalacewa, gwamnati ta ƙi saye, sai ƙungiyar wasu mata ta ƙulla cinikinsa a 1858 kan dala 200,000. Har yau ita ke riƙe da shi.

Mu a nan mai gida na rasuwa ake rabon gado, kowa ya samu haƙƙinsa, mace da namiji, kuma ban ga wanda zai so a canza wannan don a tsirar da bango ba. Sai dai gidan ba ya fita lafiya. Wannan ya ja katanga, wancan ya sayar da rabonsa, zauren kaka ya zama shagon cajin waya. Abin da ke tsira shi ne wanda ba ya shiga rabo: gidan sarauta, masallaci, hubbare. Su ma ɗin, kowane sabon sarki da burinsa na rushe soro ya kafa bene.

Waɗanda suka tsira a maƙwabta

Gidan Rumfa na Kano, tun zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), fili ne mai kimanin eka 33, kuma har yau gidan sarauta ne. Gidan Makama da ke kusa da shi ya zama gidan tarihi. Gidan Ɗan Hausa kuwa, wanda ya ci sunan ba Bahaushe ba ne, Hanns Vischer ne, haifaffen Suwizalan, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909.

Masallacin Juma'a na Zariya aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne, zamanin Sarki Abdulkarimu (1834 zuwa 1846). Abin da ya rage na bakunansa yana nan, an gina sabon masallaci an lulluɓe shi. Ana ba da labarin cewa wani Sarkin Birnin Gwari ya sa an kashe shi bayan ya gama masa gini, don kada ya yi wa wani irinsa. Irin wannan labari kusan kowace ƙasa mai gwanin magini tana da nata, don haka a riƙe shi da hannu ɗaya. Gidan Madaki na Kafin Madaki a Bauchi, na wajen 1860, shi ma ga Babban Gwani ake danganta shi, kuma tun 1956 aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa, Najeriya ba ta ko samu 'yanci ba.

Kada a ce sana'ar ta zama ta mutanen da. A Yama, cikin jihar Tawa ta Nijar, wani manomi kuma magini, Falke Barmu, ya soma masallacin laka a 1962, daga baya ya ƙara masa baka da hasumiyoyi, a 1986 ginin ya ci kyautar Aga Khan ta duniya. Tsohon garin Agadas kuma, da hasumiyarsa ta laka mai mita 27, ya shiga kundin UNESCO a 2013.

Inda dogo ya ƙare

A 1929 layin dogo daga Zariya ya bi ta Gusau ya iso Ƙauran Namoda. Jakuna da raƙuma suka riƙa sauke gyaɗa da auduga da fatu daga Zurmi, Moriki, Shinkafi da Isa. Kantunan kamfanonin Turawa suka tsaya, Sabon Gari ya cika da baƙi, aka gina tasha da gidajen ma'aikata. Waɗannan gine-gine sun doshi shekara ɗari, amma ba mai kiransu gidajen tarihi, don idonmu ya saba da su.

Taragon da ya tafi da gyaɗa bai dawo wayam ba, da kwano da siminti ya dawo. Mai hali ya yaye rufin ƙasa ya buga kwano, ya huta da yaɓen shekara-shekara, ya sayi zafin Afrilu da kuɗinsa. Wani ya shafe bangon laka da siminti, damshi ya maƙale a ciki, bayan 'yan shekaru shafen ya ɓanɓaro falle-falle ya tafi da rabin bangon. Shi kuwa dogon, a Ƙaura ya tsaya, bai ƙara ko taku ɗaya ba. Sakkwato, gidan Sarkin Musulmi, har yau jirgin ƙasa bai taɓa shiga cikinta ba.